Wane pikof zan sa wa gitata? Ƙugi ya hana ni sakat

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A Agege nake, ina kaɗa gitar lantarki a wuraren biki. Gitata ƙirar Stratocaster ce mai pikof uku (na'urorin da ke ɗaukar sautin tsirkiyar gita su kai wa lasifika), masu naɗin waya ɗai-ɗai. Da an tayar da janareta sai lasifika ta kama ƙugi har ya danne kiɗan. In na mai da makunnin zaɓen pikof lamba 2 ko 4 sai ya lafa. Na canza waya, na shimfiɗa takardar tagulla a cikin gitar, a banza.

A kasuwar Alaba an ce in sa hambaka, wato pikof mai naɗin waya biyu da ke kashe ƙugi, amma ba na son a sassaƙe katakon gitar don ta shiga. Siririyar hambaka mai shiga ramin tsohon za ta bar mini zaƙin muryar nan? Maɓallan sautina 250k ne (awon yadda suke tare lantarki ke nan), dole in koma 500k? Don Allah wanda ya taɓa gwadawa ya taimaka, ina da biki ranar Asabar.