Takardar Cike Gurbi a Ajin Tarihi: Yadda Ake Tsara Ta da Inda Take Lalacewa

Malamin Tarihi, Gusau

Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Matsalar kowa ya san ta. Darasi minti 40 ne. In malami ya cika allo da not yara suka duƙufa kwafa, sai a kaɗa ƙararrawa ba a yi bayanin komai ba. In kuma aka ce kowa ya rubuta abin da ya fahimta daga bakin malami, ɗan aji huɗu zai kawo maka layi uku marasa kan gado. Shi ya sa wasu suka koma ga takardar cike gurbi: malami ya tsara ƙashin bayan darasin, ya bar gurabe, yaro ya riƙa cikewa ana cikin bayani. Waɗanda suka daɗe suna aiki da ita, don Allah gurbi nawa ya dace, me ake ɓoyewa, kuma ta ina take ɓaci?

Malamar Tarihi, Zariya

Wa alaikumus salam Malam. Shafi ɗaya, fuska ɗaya, gurbi 12 zuwa 15. In ya haura 20, yaro ya daina sauraro ya koma farautar kalma, kunnensa na jiran abin da zai shiga gurbi na gaba, sauran bayanin kuwa ya bi iska.

Abin da ake ɓoyewa ya fi yawan guraben muhimmanci. Ɗauki darasin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Gajerun gurabe huɗu ko biyar sun isa ga suna da wuri, kamar "Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa ______ a 1804", yaro ya sa Gudu. Sauran su zama dogaye, layi biyu cikakku, masu neman dalili: "Malaman jihadi sun soki sarakunan ƙasar Hausa a kan (a) ______ (b) ______ (c) ______". Nan ne yaro zai rubuta da kalmominsa batun haraji mai nauyi irin su jangali, da rashin adalci a wajen shari'a, da gauraya addini da al'adun gargajiya. Jarabawar WAEC da NECO a ɓangaren rubutu dalili da sakamako take tambaya, kuma wanda bai saba haɗa jimla da kansa ba, a nan yake tsayawa cak.

Kar a ja layin gurbi daidai tsawon amsa. Yara suna auna layi su yi hasashe. Duk gajerun gurabe a yi su tsawo ɗaya.

Malami mai ritaya, Katsina

Malama ta faɗi gaskiya. Zan ƙara batun lokaci, don nan ne akasari ake tafka kuskure. Ba a raba takarda a ce a cike ana magana tun daga farko har ƙarshe. A kasa darasin gida uku. Minti takwas bayani, biro a ajiye kan benci, ido kan malami. Minti uku cikewa, kowa shi kaɗai, malami ya yi shiru yana zagayawa. Minti ɗaya yaro ya gwada da na maƙwabcinsa. A maimaita sau uku, ya kama minti 36, ragowar huɗun a karanta amsoshin gajerun gurabe da baki kowa ya gyara nasa. Wannan gyaran na ƙarshe ba abin tsallakewa ba ne. Kuskuren da ya kwana a littafi guda, zuwa mako mai zuwa yana cikin littattafai goma, domin waɗanda ba su zo ba daga nan za su kwafa.

Malamin makarantar gwamnati, Bici

To mu da ajinmu ya haura mutum tamanin, hoton takarda ga kowane yaro a kowane darasi ba mai yiwuwa ba ne. Ga yadda ake yi da allo kawai. Kafin a shiga aji a rubuta tsarin a gefe ɗaya na allo, kada ya wuce layi goma, kanun magana da kibiyoyi kaɗai, ba cikakkun jimloli ba. Yara su kwafe shi cikin minti biyar, suna barin layi uku a ƙarƙashin kowane kai. Dole a faɗi adadin layin ƙarara, in ba haka ba za su matse kanun wuri guda, sannan a rasa inda za a rubuta bayani. Idan aji ɗaya ya kasu rukuni biyu ko uku, a zana tsarin a kwali da alƙalamin maka, a riƙa ɗauka daga aji zuwa aji.

Wanda ya samu halin buga takarda kuma, a manna ta a littafi tun a cikin aji, da gam ko abin maƙala takarda. Takardar da aka bari sake a jaka ba ta kai ƙarshen zango.

Malamar Tarihi, Zariya

Malam na Bici, wannan dabarar kwalin tana da kyau. Sai dai a rubuta lamba a gefen kowane kai, ta yadda in ka ce "mun zo na uku" na bayan aji ma ya san inda ake.

Malamin Tarihi da Gwamnati, Sakkwato

Ni ina da ja a kan ɓoye shekara a gurbi da wasu malamai ke yi. Shekara ba abin da yaro zai gano da tunani ba ce, kuma a aji mai hayaniya 1804 da 1814 kusan ɗaya suke a kunne, musamman da Turanci. A buga shekarun a takarda, a ɓoye abin da ya faru. Layin zamani, wato layin da ake jera shekaru da abubuwan da suka faru a kansa, ya fi komai amfani a nan, amma a zana shi da ma'auni, santimita ɗaya shekara ɗaya. Daga 1804 zuwa 1817 santimita 13 ke nan, ya shiga faɗin littafi daidai. A sa alama a 1804 don hijira da yaƙin Tabkin Kwatto, 1808 don faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, 1817 don rasuwar Shehu da hawan Muhammadu Bello. In aka jera su da tazara iri ɗaya ba ma'auni, yaro zai ɗauka tsakanin kowanne da na gabansa lokaci ɗaya ne, alhali huɗu da tara ba ɗaya ba ne.

Sai batun ƙarni, wanda ke cinye maki a banza. Yaro ya ga 1804 ya rubuta ƙarni na 18. A ware ƙaramin akwati a saman kowace takarda: "Shekara ____, ƙarni na ____". A ɗauki lambobi biyun farko a ƙara ɗaya. Sarautar Muhammadu Rumfa a Kano, 1463 zuwa 1499, ƙarni na 15. Cin Kano da Sakkwato da Turawa suka yi a 1903, ƙarni na 20. Shekarun da suka ƙare da sifiri biyu ne kaɗai ba a ƙara musu, 1900 ita ce shekarar ƙarshe ta ƙarni na 19. Bayan mako shida ana cike wannan akwatin, kuskuren yakan ragu ƙwarai.

Malami mai ritaya, Katsina

Na yarda da wannan, Malam. Haka nan sunaye masu kama. Muhammadu Bello ɗan Shehu da Ahmadu Bello Sardauna, yara suna cakuɗa su duk da fiye da shekara ɗari ke tsakanin zamaninsu. Attahiru na ɗaya, wanda aka kashe a Burmi a 1903, da Attahiru na biyu da Turawa suka naɗa a Sakkwato, su ma haka. Duk inda suna irin wannan ya fito, gurbin ya zama kashi uku: suna, muƙami, zamani. Kar a karɓi "Bello" tsurarsa.

Malamar ƙaramar sakandare, Daura

Abu biyu daga ɓangaren ƙananan aji. Na farko, 'yan aji ɗaya suna bukatar jerin kalmomin da za su zaɓa a ƙasan takarda, amma a sa kalma biyu ko uku fiye da yawan guraben. In gurbi bakwai ne na Hausa Bakwai, a haɗa da Kebbi da Zamfara a cikin jerin, in ba haka ba gurbin ƙarshe yana cike kansa.

Na biyu ya fi damuna. Labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu ruwayar baka ce, kuma yaro ya kamata ya san haka tun da wuri, ba don a rage mata daraja ba, sai don ya san kowane labari da hanyar da ya iso gare mu. A ja siririn layi a gefen dama na shafi, a sa masa kai "Daga ina muka sani?" Yaro ya rubuta: ruwayar baka, ko rubutaccen tarihi, ko abin da aka tono a ƙasa kamar gumakan Nok. Takardar cike gurbi tana sa komai ya yi kama da tabbatacciyar amsa guda, wannan layin ne ke gyara hakan.

Game da harshe, a bar yaro ya cike dogon gurbi da Hausa a aji in Turancin ya tsaya masa, sannan aikin gida ya zama mayar da shi Turanci a ƙasan shafi. Da a bar gurbin fayau gara haka.

Malamin Tarihi, Gusau

Allah ya saka da alheri. Saura tambaya ɗaya: har yaushe za a ci gaba da ba su? Ina tsoron su saba har su kasa rubutu ba takarda.

Malamar Tarihi, Zariya

Tsoron yana kan hanya, Malam, kuma yakan faru in ba a janye ba. Zangon farko cikakkiyar takarda. Zango na biyu kanun magana da shekaru kawai, babu jimlar da aka fara musu. Zango na uku su ja layinsu da kansu, kai kuma ka rubuta tambayoyi uku a allo waɗanda not ɗinsu dole ya amsa kafin a tashi. Don sanin ko lokacin janyewa ya yi, karɓi littafi goma kowane mako, uku daga gaba, huɗu daga tsakiya, uku daga baya, ka duba dogayen gurabe kaɗai. In bakwai daga ciki sun rubuta dalilin da kalmomi daban-daban kuma ma'anar ta fito, a rage tallafin. In duk goman jimla ɗaya suka rubuta harafi da harafi, to shifta aka yi musu, sai a ƙara mako biyu ana ajiye biro lokacin bayani.