Ginin binciken cututtuka a tsakiyar Idi-Araba, ko a kai shi Epe?

Alhaji, ɗan kasuwa a Idi-Araba: Assalamu alaikum. Ina nan a kan maganar da na yi jiya bayan sallar Isha'i: idan har za a yi sabon ginin binciken cututtuka, wanda za a riƙa ajiye ƙwayoyin cuta masu kisa a cikinsa, bai kamata ya zauna a harabar Kwalejin Likitanci ta Jami'ar Legas ba, inda katanga kaɗai ta raba asibitin koyarwa na jami'ar, wato LUTH, da gidajenmu. A kai shi Epe, can gabashin Jihar Legas, inda fili yake.

Malama, mai gwajin jini: Wa alaikumus salam, Baba. Damuwarka tana da tushe, amma ka tuna da shekarar 2014. Patrick Sawyer, wani matafiyi daga Laberiya, ya sauka a Legas ranar 20 ga Yuli ɗauke da Ebola, kuma a ɗakin gwajin da ke nan Idi-Araba aka gwada jininsa. A nan kuma aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020. Jinin mara lafiya ba kayan da za a bari ya wuni a cunkoson hanyar Lekki zuwa Epe ba ne, kuma likitan da ke duba majinyata da safe shi ne mai binciken da rana.

Malam, malamin sakandare a Agege: Ni ina bayan Alhaji. A 1978, a Jami'ar Birmingham ta Ingila, wata mai ɗaukar hoto, Janet Parker, ta kamu da agana ta rasu, alhali a benen da ke saman ɗakin binciken cutar kawai take aiki. Idan haka ta faru a Ingila, ina ga mu?

Injiniya, mazaunin Yaba: Malam, abin da ka kawo gaskiya ne, kuma irinsa ne ya sa aka tsaurara ƙa'idojin gini. A ɗakin gwaji na mataki na 3, wato irin wanda ake tanada don aiki da ƙwayoyin cuta masu haɗari, ana tsara shi ne yadda iska za ta riƙa shiga ciki daga waje, ba ta fitowa ta ƙofa, kuma ƙofofin shiga biyu ne a jere. Iskar da aka zuƙo tana bi ta matatar HEPA, mai tace ƙwayoyin cuta daga iska, a fitar da ita ta saman rufi, ba a mayar da ita cikin ginin. Sharar ɗakin sai an dafa ta da tururi mai zafi kafin ta fita. Abin da ke hana ni barci shi ne wuta, domin fankokin nan ba sa hutawa dare da rana, ga firizoji masu sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. A kai ginin Epe a bar shi babu janareto na biyu, haɗarin na nan, kuma ma'aikatansa motar haya za su hau su dawo cikinmu da yamma.

Sai kuma ruwa. A 2012 guguwar Sandy ta cika ƙasan ginin binciken Jami'ar New York da ruwa, dubban ɓerayen gwaji suka mutu. A Legas, inda ba ka yin nisa da haƙa sai ruwa ya ɓullo, ba zan yarda a sa firiza ko janareto a ƙarƙashin ƙasa ba. Tunda fili ya yi kaɗan, sama za a hau, a kafa ginin a kan turaku masu zurfi, a kuma nisanta janareto don kada girgizarsa ta dami na'urorin hangen ƙwayoyin cuta.

Malama: Akwai ma misali kusa, Baba. Ma'ajiyar samfuran jini da makamantansu ta Jihar Legas, mai ɗakin mataki na 3, a cikin Asibitin Mainland da ke Yaba take, tsakiyar gari.

Alhaji: 'Yata, Allah ya yi miki albarka, na fahimta. Injiniya, zanen da ka bayyana ya kwanta mini, amma ban janye ba tukuna. Shekara talatin ina unguwar nan, na ga gine-ginen da aka buɗe da biki, bayan damina uku famfo ya ƙafe. Wa zai sayi dizal a shekara ta biyar, wa zai canza matatar nan idan ta toshe? Idan kwata ta cika ta shigo mana gida a watan Yuli, ina so in san ruwan dattin ginin ba ya cikinta.

Injiniya: Ruwan ana iya kashe masa ƙwayoyin cuta da zafi ko magani kafin ya bar ginin, wannan aikinmu ne, Alhaji. Kuɗin dizal da matata kuwa ba a zane ake sa su ba, a kasafin jami'a suke, kuma ni ma ba zan sa hannu a zanen ba sai an nuna mini su a rubuce.