FIV da mère porteuse: me za mu kira su da Hausa?

Mai fassara, Garwa: Assalamu alaikum. Ana shirya takardar wayar da kai ga ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri, amma kalmomi biyu na Faransanci sun ƙi fassaruwa: FIV, wato haɗa ƙwan mace da maniyyi a wajen jiki, da mère porteuse, wato macen da ake sa wa cikin wasu. A gari ana jin "jaririn kwalba" da "uwar goyo". Masana, ku sa baki.

Likitan mata, Gaundare: Wa alaikumus salam, Malam. "Jaririn kwalba" dai a yar da shi, don yana sa mutane su zaci yaro na yin wata tara a kwalba. Ga yadda aikin yake. Ana yi wa matar allura kullum, kwana 10 zuwa 12, don ƙwai da yawa su nuna tare maimakon ɗayan da jiki ke saki a wata. Duk kwana biyu ko uku a duba ta da eko, wato na'urar hoton ciki. In sun kai, a yi mata allurar ƙarshe, bayan awa 35 zuwa 36 a zuƙo ƙwan ta gaba da siririyar allura. Awannin nan ba wasa a cikinsu: in aka yi gaggawa ƙwan bai gama nuna ba, in aka makara ya riga ya sauka da kansa, kuɗin allura sun bi ruwa. Sai a haɗa shi da maniyyin miji cikin ɗan faranti, a ajiye a na'ura mai ɗumin jiki, digiri 37, kwana 3 zuwa 5, sannan a mayar da ɗan tayi ɗaya ko biyu cikin mahaifa da siririn bututu. Bayan kwana 10 zuwa 14 a gwada jini. Zamansa a waje ko mako bai cika ba. Ni "dashen ɗan tayi" nake ba da shawara.

Ungozoma, Marwa: Likita, dashe ya zauna daram. Duk wanda ya ga aikin masakwa a nan ya san shi: a yafa iri a gefe, ya tsiro, a cire a dasa a gona. Kuma manomi ya san ba kowane dashe ke kamawa ba, abin da ya kamata ma'aurata su sani ke nan tun kafin su sayar da fili su kama hanyar Yawunde ko Duwala. Sau da yawa sai an maimaita, kuma ƙwan mace na raguwa sosai bayan shekara 35, ya ƙara faɗuwa bayan 40. A sa a takardar cewa in ciki ya kumbura bayan ɗibar ƙwai, ga amai, fitsari ya ragu, numfashi na yin sama, to allurar ta yi wa jiki yawa, a koma asibiti a ranar.

Malamin Hausa, Kusiri: Hajiya, ina da ja kaɗan. Kunnen mutane ya saba da "dashen ƙoda", wanda daga jikin wani ake ɗaukowa. In aka ce dashe kurum, miji zai ɗauka ɗan wani za a sa wa matarsa. A ce "dashen ɗan tayin ma'aurata" a farkon bayani, daga baya a taƙaita. Amma "uwar goyo" ba ta yi ko kusa. Goyo a baya yake, bayan an haihu, kuma kalmar tana da mai ita: matar da ta reni yaro. "Uwar riƙo" ma haka.

Malamin fiƙihu, Injamena: Malam, na ƙara da cewa kalmar "uwa" kanta a cire ta, domin duk wanda ya sa ta ya yanke hukuncin da malamai ke saɓani a kai. Wasu na kafa hujja da aya ta biyu a Suratul Mujadala, cewa uwa ita ce wadda ta haifa. Wasu na duba mai ƙwan. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta taɓa yarda a 1984 kishiya ta ɗauki cikin abokiyar zamanta, sai ta janye a 1985, don kishiyar na iya samun nata cikin daga mijin a lokaci guda, nasaba ta rikice. A 1986 majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ta zauna a Amman ta halatta dashe tsakanin miji da matarsa, ta haramta duk hanyar da na uku ya shigo, da ƙwai ne, da maniyyi, ko da mahaifa. Larabawa "ta'ajirul arham" suke cewa, wato hayar mahaifa.

Ungozoma, Marwa: Allah gafarta Malam, haya ta yi nauyi. Wata matar ƙanwarta take ɗaukar wa cikin, ba ko dala.

Likitan mata, Gaundare: Kuma iri biyu ne, kada kalma ɗaya ta rufe su. A na farko ƙwan na mai ɗaukar cikin ne, maniyyin mijin wata aka sa mata, don haka yaron jininta ne. A na biyu ƙwai da maniyyi na ma'auratan ne, ita mahaifa kawai ta bayar. Ana shirya ta da magani kusan mako biyu har shimfiɗar mahaifa ta yi kauri kamar milimita 7 zuwa 8, sai wani maganin na kwana biyar, sannan a dasa. Hawan jinin masu ciki, tiyata, zubar jini, duk a jikinta suke sauka. Shi ya sa ban so a sa mata sunan da zai mai da ita kamar buhu.

Mai aikin lauya, Garwa: Malam mai fassara, kowane suna kuka zaɓa, ku rubuta a gefensa cewa dokar Kamaru ta watan Yuli 2022 kan taimakon haihuwa ta asibiti ta hana ɗaukar ciki domin wata. Shi dashen kansa halal ne a doka, kuma ba baƙo ba ne: an haifi jaririn farko na Kamaru ta wannan hanya a Duwala tun 1998, shekara 20 bayan Louise Brown, ta farko a duniya, a Ingila.

Malamin Hausa, Kusiri: To a yi haka: aikin "aron mahaifa", in da biya "hayar mahaifa". Na san aro ana mayarwa, amma ai mahaifar ce aka ara, ba yaron ba. Matar kuma "mai ɗaukar ciki domin wata". Tana da tsawo, sai dai ba ta ce uwa ce ba, ba ta kuma ce ba uwa ba ce.

Mai fassara, Garwa: Na rubuta su, Allah ya saka. Saura insémination, wadda maniyyi kawai ake wankewa a zuba a mahaifa ba tare da an ɗebo ƙwai ba. Likita, wannan ai ba dashe ba ne, ko?