Kamara biyu, ISO ɗaya, amma hoto ɗaya ya fi duhu

Mai_Kamara_Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun jiya wani abu ya hana ni sakat. Da kamara biyu nake aiki, kowacce da kamfaninta. Na jera su a kan tebur suna kallon kati mai ruwan toka a hasken taga, na sa ISO (lambar saurin kama haske) 800, shata 1/125 na daƙiƙa, ƙofar lens f/4 a dukkansu. Da na buɗe hotunan a kwamfuta, ɗaya ya fito da duhu ƙarara, sai da na ƙara masa wajen biyu bisa uku na mataki ɗaya na haske (mataki ɗaya shi ne ninka haske sau biyu) kafin ya kamo ɗan'uwansa. Sau uku ina maimaitawa. Ni a zatona lambar ISO kamar kilo take, ko'ina ɗaya. Kamarar ce ta samu matsala?

Tsohon_Hannu:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka Malam, lafiyarta ƙalau. Ƙa'idar da ake bi ita ce ISO 12232, kuma ta yarda da hanyar auna ISO fiye da ɗaya, gyaran 2006 ya ƙara guda biyu. Akwai SOS, wadda ke duba yawan hasken da zai sa ruwan toka na tsakiya ya fito wajen 118 cikin 255 a hoton JPEG. Akwai kuma REI, inda kamfani da kansa yake zaɓar lambar da a ganinsa take ba da hoto mai kyau. Ka ga 800 ɗin wannan ba dole ta zama 800 ɗin wancan ba. Leƙa bayanan Exif, wato bayanan da kamara ke ajiyewa a cikin fayil ɗin hoto, akwai gurbin da ke nuna wadda aka bi.

Ummu_Haske:
Ƙari a kan maganar Yaya: lens ɗaya ka yi amfani da shi? Lambar f lissafin faɗin ƙofa ce kawai, ba ta ƙirga hasken da gilasai ke cinyewa a hanya. Shi ya sa masu fim suke aiki da lambar T, wadda ke ƙirga hasken da ya ratsa lens a zahiri.

Mai_Kamara_Biyu:
Wallahi Hajiya ban kawo wannan a raina ba, lens biyu ne daban. Na duba Exif ɗin kuma: mai duhun SOS ce, ɗayar REI. To amma RAW nake ɗauka, wato ɗanyen hoton da ba a sarrafa ba, nan ma haka abin yake?

Tsohon_Hannu:
A RAW ma ya fi sarƙaƙiya, domin ƙa'idar hoton da aka gama sarrafawa take aunawa. Masu gwaji irin DxOMark suna auna inda sensa, wato sashen kamara mai karɓar haske, ke cika da haske, kuma sau da yawa lambarsu takan gaza wadda ke rubuce a kamara, saboda kamfanoni na barin sarari don farin gajimare ko farar riga kada su ƙone. Tunda ka riga ka auna naka bambancin, in waccan tana 800, sa mai duhun a 1250, ka sake gwada katin.