Fentin hannu ko sitika, wanne ne na asali?

Mai Buroshi: Jama'a, yau raina a ɓace yake. Sati uku na shafe ina zana motar tserena da hannu: shuɗi mai haske, ratsin ruwan lemo daga goshi har baya, farar da'ira a ƙofa da lamba a ciki. Da buroshin gashin kurege na ja kowane layi. Jiya a filin gwaji wani yaro ya ce layin ya karkace, wai da sitika na manna. Ni dai na faɗa, zanen asali na hannu ne, sitika jabu ce.

Bakanike: Sannu da aiki, Malam. Amma wane asali? Launukan kamfanin mai na Gulf ne, da su motar Ford GT40 ta ci Le Mans, tseren motoci na awa 24 a Faransa, a 1968 da 1969. Kwaikwayo ka yi.

Mai Buroshi: Asalin aiki nake nufi, Oga.

Na Porsche: Wa zai tuna launin nan in ba don motar Porsche 917 ba? Ita ta fito da shi.

Bakanike: Haba ɗan'uwa! 917 da ta ci a 1970 ja da fari ce, ta 1971 kuma da launin kamfanin giya na Martini. Da launin Gulf ba ta taɓa cin Le Mans ba.

Na Porsche: Kullum kai da Ford, ko biyanka suke yi?

Hajiya: In asali kuke nema, kowace ƙasa da launin motar tserenta: Ingila kore, Italiya ja, Faransa shuɗi. A 1968 ƙungiyar tsere ta Lotus ta shafa launin tabar Gold Leaf, talla ta cinye komai.

Mai Sitika: Wa ake kira jabu? Da sana'ar nan nake ciyar da iyalina. A janye kalmar.

Mai Feshi: Malam, fentin naka na mai ne? Kada ka fesa kiliya, wato fentin sheƙi mara launi, a kansa bai gama bushewa ba, yamutsewa zai yi.

Mai Sitika: Ina jira a janye.

Na Porsche: Bakanike, ba ka ba ni amsa ba.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta, an tabbatar Ford ce ta ci Le Mans da launin, masu Porsche ba su kawo hujja ba. Maganar sitika kuma a bar ta.

Mai Buroshi: Ranka ya daɗe, har yanzu ba wanda ya ce in turo hoton motar.