Iyayenmu da suka ajiye kaki, yaya kuka fara?

Ɗan saje, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. Mahaifina zai cika shekara 35 a aikin soja, kuma sunansa ya fito cikin waɗanda za su je cibiyar koyar da sana'a ta sojoji da ke Oshodi a Legas, inda ake kwas na wata shida kafin ritaya. Har yanzu bai tsayar da sana'ar da zai koya ba. Don Allah waɗanda suka riga shi fita ku gaya mana yadda ta kaya muku.

Tsohon samanja, Zuru:
Wa alaikumus salam, ɗana. Da mu aka je Laberiya a 1990, kuma tun daga nan har na ajiye aiki, gyaran manyan motoci nake yi. Amma da na je Oshodi sai na ga abokaina duk sun yi layi a kiwon kaji, ni ma na bi yarima a sha kiɗa. Malaman sun koyar da gaske, ba laifinsu. Na dawo gida na gina ɗakin kaji da kuɗin garatuti, na zuba 'yan tsaki. Zafin bazara ya ɗebi wasu, cuta ta ɗebi wasu, kuɗin abinci ya cinye ribar sauran. Cikin shekara ɗaya na rufe ɗakin.

Abin da ya cece ni, wata tirela ce ta lalace kusa da gidana, direban ya kwana biyu a wurin. Na fito da sifana na duba ta. Yau ina da gareji da yara shida masu koyo. Ka tambayi babanka abin da hannunsa ya riga ya iya. Bariki cike take da makanikai, masu walda, direbobi, ma'aikatan jinya da masu ajiyar kaya a sito, amma da yawanmu ba ma ɗaukar wannan sana'a ce, mun ɗauka bindiga kaɗai muka sani.

Matar tsohon soja, Jega:
Baba samanja ya faɗi ta sana'a, ni ta cikin gida zan faɗa. Watannin farko sun fi komai wuya. Maigidana ƙarfe huɗu na asuba ya riga ya yi wanka, ya yi salla ya zauna, ba fareti, ba inda za shi. Yara suka koma kamar kurata a hannunsa. Da dare kuma barci ba ya zuwa, ƙarar salansar babur ma sai ta zabure shi. Sai da ƙaninsa ya lallashe shi suka je ganin likita, kuma Alhamdulillahi ya samu sauƙi.

Ga kuma 'yan uwa. Ranar da aka ji kuɗi sun shigo, har waɗanda ba mu taɓa gani ba sun zo gaisuwa. Wannan zai aurar da 'ya, wancan yana da harkar da za ta ninka kuɗi cikin wata uku. Da kuka da roƙo na samu muka sayi gida tukuna, domin gidan bariki ba naka ba ne, da ka fita aka ba wani.

Tsohon kofur, Argungu:
Ni tun saura shekara uku in yi ritaya na sayi fadama, na ba yayana yana noma min shinkafa, in na zo hutu in shiga laka tare da shi. Da na fito ban yi zaman jira ba. Sai dai tun da aka cire tallafin fetur a 2023, injin ban ruwa ya zama abokin rabon amfani. Bara na haɗa kuɗi na koma na sola.

Mai haɗa sola, Gusau:
Ni ban kai shekara 35 a aiki ba, rauni a ƙafa ya fitar da ni. Duk ofishin da na kai takardar neman aiki, da an ga soja sai a ce akwai gurbin maigadi. Gadi ba abin kunya ba ne, amma ni a sashen sadarwa na yi aiki. Wani abokina ya sa na sake rubuta takardar: na cire sunayen mukamai da bataliya, na rubuta cewa na iya haɗa batir, waya da eriya. A haka na samu wanda ya ɗauke ni.

Tsohon samanja, Zuru:
Na manta: babanka ya adana takardar sallama da duk takardun fansho, a yi musu hoto a waya. Hukumar fanshon sojoji tana tantancewa lokaci zuwa lokaci. Ya kuma yi rajista da Lijon, wato ƙungiyar tsofaffin sojoji, na ƙaramar hukumarsu, a can ake fara jin labari.

Ɗan saje, Birnin Kebbi:
Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Baba jiya bayan isha'i. Ya yi shiru, can ya ce ai shekara 12 ya yi yana gyara janaretocin bariki. Baba samanja, a garejinku kuna karɓar mai furfura?