Babur ya ƙi tashi: me kuka gano da ya faru da naku?

Mai Boxer, Funtuwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun da damina ta kankama babur ɗina yake ba ni wahala. Da safe sai in yi ta buga kik har gumi ya karyo mini, ya ɗan yi tari ya mutu. Jiya kuwa ƙememe ya ƙi. Wani bakanike a unguwarmu, ko fulogi bai kwance ba, ya ce ringi ne, wato zoben fistin da ke cikin inji, sai an sauke inji. Kuɗin da ya yanka mini ba ni da su, kuma hankalina bai kwanta da maganar ba, don babur ɗin ba ya hayaƙi, ba ya shan baƙin mai. Da shi nake kai yara makaranta, da shi nake zuwa kasuwa. Don Allah duk wanda irin wannan ta taɓa samu ya faɗa mana abin da ya gano.

Bakanike, Ƙofar Ruwa:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yarda a taɓa maka inji tukuna. Babur ɗin da ringinsa ya mutu ba ya ɓuya: za ka ga shuɗin hayaƙi a salansa, baƙin mai yana raguwa, kik kuma yana sauka sakayau babu nauyi a ƙafa. Kai ka ce ba ka ga hayaƙi ba.

Mu a gareji daga fulogi muke farawa. Kwance shi ka duba bakinsa a haske. In ruwan ƙasa-ƙasa ne, lafiyarsa lau. In ya yi baƙi a bushe, mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. In a jiƙe yake, wani abu na isowa amma ba ya kamawa. In baƙi ne mai maiƙo, to a nan ne za a fara zancen ringi. Bayan haka ka mayar da shi cikin hularsa, ka jingina ƙarfensa da jikin inji, ka buɗe makulli, wani ya buga maka kik. Wuta shuɗiya mai ƙara tas-tas muke nema. Ja ko ɗorawa mai rauni ba za ta tayar da inji ba. Ta wajen roba za ka riƙe, kuma ka nisanta shi da ramin fulogin, don tururin fetur ta nan yake fitowa. Na ga yaron shago ya ƙone gira a kan haka.

Tambaya biyu: a ina babur ɗin yake kwana, kuma a ina kake shan mai?

Mai Boxer, Funtuwa:
Na gode maigida. A tsakar gida yake kwana, babu rumfa. Mai kuwa wani lokaci gidan mai, wani lokaci wajen 'yan bumburutu. Na gwada yanzu: fulogin a jiƙe yake, wuta kuma akwai, shuɗiya.

Ɗan acaɓa, Zariya:
Ɗan'uwa, ruwa ne a tankinka, in sha Allahu. Nawa haka ya yi mini bara. Robar da ke cikin murfin tanki ta tsage ban sani ba, duk ruwan saman da aka yi yana tsiyaya ciki. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka ƙasa yake kwanciya, kuma in ka juya famfon mai zuwa rizaf, wato ragowar man da ake komawa kansa in na sama ya ƙare, daga can ƙasan yake ja. Ni da tanki ke da mai sosai babu matsala, amma da zarar na juya rizaf sai ya fara shaƙewa a kan hanya, har ranar da ya mutu mini da fasinja a Kwangila. A ƙasan kafireto akwai wani ɗan sukuru. Ka tara gorar ruwa mai haske wadda ta bushe, ka sassauta shi. Da na yi haka na ɗaga gorar, sai ga ruwa ya kwanta a ƙasa, fetur yana sama, layinsu a rabe sarai. Muka juye tankin gaba ɗaya, muka shanya shi a rana, na sayi sabon murfi. Tun daga nan ban sake jin ɗuriyar matsalar ba. Kuma ka rage shan man gefen titi.

Dattijo mai CG, Jos:
Yaro ya faɗi gaskiya a kan ruwa, amma a daina ɗora wa 'yan bumburutu komai. A watan Fabrairun 2022, gurɓataccen man nan da aka shigo da shi mai haɗe da metanol, a gidajen mai aka sayar da shi, kuma ababen hawa da yawa suka lalace a Legas da Abuja. Ko'ina mutum zai iya gamuwa da mugun mai.

Abin da ni na lura da shi daban ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mutane suka daina cika tanki. Lita ɗaya ake sha, wani ma rabi, kullum babur a rizaf yake yawo. Tankin da ya zauna fanko iska ce a cikinsa, kuma iskar damina da raɓa take tafe. Da dare ƙarfe ya yi sanyi, raɓar ta taru a jikinsa ta gangara ƙasa, tsatsa ta fara ci. Wannan tsatsar da duk dattin da ya kwanta shekara da shekaru su ne rizaf ke turawa kafireto. Akwai wani ɗan jet na silo a ciki, wanda ke ba inji mai in ba a murɗa totur ba, raminsa da kyar ake ganinsa da ido, ɗan ƙwayar tsatsa ɗaya ya isa ya toshe shi. In ya toshe, babur zai ƙi tashi, ko ya tashi amma ya mutu da zarar ka saki totur. Na san halin da ake ciki, ba kowa ke da kuɗin cika tanki ba. Amma ɗan matacin mai da ake saƙalawa a tiyo tsakanin tanki da kafireto ba shi da tsada, kuma tun da na saka shi na huta da wanke kafireto.

Malama, Damagaram:
Sannunku da ƙoƙari. Ni tawa matsalar ba ta damina ba ce, ta hunturu ce. In ƙura ta taso, moto na yakan ƙi tashi da safe, ga shi ina sauri in isa makaranta. Da aka buɗe akwatin iska, sosan da ke ciki ya cushe da jar ƙura har ya yi tauri. Aka wanke, aka shanya, aka ɗan shafa masa mai, ya koma daidai. Yanzu a lokacin sanyi ba na jira sai ya toshe. Mai gyaran ya kuma koya mini cewa in na ja cok, abin da ke rage iska don inji mai sanyi ya tashi, kada in murɗa totur, in bar shi ya tashi da kansa ya ɗumama, sannan in mayar da cok ɗin. In aka manta shi a ja, buji, wato fulogi, shi ne ke yin baƙi.

Manomi, Haɗeja:
Nawa na ajiye shi a zaure na tafi aikin shinkafa a fadama, ya daɗe ba a hau ba. Da na dawo ya ƙi tashi. Mai akwai, wuta akwai. Ƙanena ne ya durƙusa ya sa tafin hannu a bakin salansa ina buga kik, ya ce Yaya babu iskar da ke fitowa. Muka haska fitilar waya, ashe zanzaro ne ya gina ɗakinsa na laka a ciki ya toshe ramin tsaf. Da ƙarfen sifok muka farfasa shi. Ko bayan haka sai da muka zubar da tsohon man da ke kafireto, don ya canja launi ya yi danƙo. Wanda zai ajiye babur ya daɗe, ya rufe famfon mai ya bar injin ya ƙone abin da ke kafireto har ya mutu da kansa.

Ɗan kabu-kabu, Maraɗi:
Ni nawa akasin na Malam ne. Da safe bugu ɗaya yake tashi, amma in na yi tafiya inji ya yi zafi sai ya ɗauke, ba zai sake tashi ba sai ya huce. Mun canja buji, mun wanke kafireto, duk a banza. Sai da wani tsohon mai gyara ya ce a gwada wuta nan take lokacin da ya mutu yana da zafi. Babu wuta ko kaɗan. Da ya huce ta dawo. Koyil, mai tura wa buji wuta, shi ne ya fara mutuwa. Wanda aka kawo masa babur bayan ya huce ba zai taɓa gano wannan ba, sai mai shi ya ba da labari daidai.

Ɗalibi, Sakkwato:
Ni in na danna sitata sai in ji ƙas-ƙas kawai, hon ma ya shaƙe. Na ɗauka batir ya mutu, ashe kawunansa ne suka yi farin gari, waya ɗaya kuma ta saki. Samfefa da sifana suka gama aikin. Malam, ka gwada zuba fetur ta ramin fulogi, ko ka gasa fulogin a wuta, abokaina haka suke yi.

Bakanike, Ƙofar Ruwa:
Ɗalibi, maganar batir ɗinka daidai ce, amma shawararka ta biyu ba ta dace da Malam ba. Fuloginsa a jiƙe yake, ƙara masa fetur ƙara shaƙe shi ne. Gasa fulogi kuwa yana iya tsaga farin tangaran ɗin, wuta ta riƙa zurarewa ta gefe. Haka nan masu zuƙo mai daga tiyo da baki, don Allah a bari, in ya sarƙe mutum ya shiga huhu, maganar asibiti ce.

Malam mai Boxer, tunda wuta tana nan, ka bi abin da na Zariya da Baba na Jos suka faɗa. Tsiyaye kafireto a gora ka duba. In ka ga ruwa, ka juye tanki, ka duba robar murfi. Ka zare hular fulogi ka busar da cikinta, don babur mai kwana a ruwa nan ma yana tara laima. Kafin ka mayar da fulogin, ka rufe famfon mai, ka kashe makulli, ka murɗa totur har ƙarshe ka yi ta buga kik don abin da ya taru a ciki ya fita. Sannan ka saka busasshen fulogi, tazarar bakinsa wajen milimita 0.6 zuwa 0.7. In sabo za ka saya, ka tafi da tsohon a hannu, don lambarsu da tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma jabu sun cika kasuwa.

In duk ka yi wannan bai tashi ba, kuma ka ji kik ɗin ya yi sauƙi, ka ce a duba maka bawul, mai buɗe wa iska hanya ya rufe a kan inji, kafin komai. In tazararsa ta matse ba ya rufewa sosai, matsin iska yana zurarewa, kuma alamarsa ta farko ita ce wahalar tashi da safe. Murfin sama kawai ake buɗewa, a saita shi inji yana da sanyi, ba a sauke inji. Ka tsaya a wurin a yi a gabanka.

Ɗan acaɓa, Zariya:
Ƙari a kan maganar murfi: in za ka sayi sabo, ka tabbata ɗan ramin numfashinsa a buɗe yake. Wani abokin aikina ya saka wanda raminsa ya toshe, sai babur ya yi ɗan tafiya ya mutu kamar mai ya ƙare alhali tanki da mai. In ya buɗe murfin sai ka ji iska ta shiga fuu, mai ya ci gaba da sauka. Kafin ka samu rumfa kuma, ka riƙa rufa masa leda ko tsohon buhu a kan tanki da dare.